Auna Ingancin Littafin Jagora na Manhajojin Fihirisa: Darasi Daga Sunan Garin Suleja

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe ya san cewa ƙamus ba daga harafin A yake farawa ba. Akwai waɗansu shafuka a farkonsa da yawancin masu karatu kan tsallake, inda mai ƙamus yake bayyana yadda ya jera kalmomi, da alamomin da ya yi amfani da su wajen nuna karin sauti da tsawon wasali, da kuma karin harshen da ya dogara da shi. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da na Newman na 2007 kowannensu da tasa hanyar nuna karin sauti. Wanda ya tsallake waɗannan shafuka zai iya neman kalma ya rasa alhali tana nan, ko kuma ya same ta ya furta ta ba daidai ba.

A wannan maƙala ina so in ɗauki wannan masaniya tamu in kai ta wani fage da ake ganin ba namu ba ne, wato fagen manhajojin da ke yi wa ƙirƙirarriyar basira fihirisa. Abin da nake son nunawa shi ne, mai amfani da irin wannan manhaja ba shi da wata kafa ta sanin abin da take yi a ɓoye sai littafin jagorarta. Auna wannan littafi kuwa aiki ne na masu nazarin harshe, kamar yadda yake aikin masana kwamfuta. Zan ɗauko misalaina daga Suleja ta Jihar Neja, garin da na fito, domin tarihin sunansa yana ɗauke da darasi babba ga duk mai yin fihirisa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin in yi nisa, ya kamata in fayyace kalmomi huɗu da za su riƙa maimaituwa.

Ta farko ita ce kod. Kod shi ne rubutun umarnin da ɗan'adam ke yi wa kwamfuta cikin wani harshe na musamman, kamar Python ko Java ko C. Babbar manhaja takan ƙunshi ɗaruruwa ko dubban fayiloli na irin wannan rubutu. A cikinsu, kowane ƙaramin aiki akan raɗa masa suna domin a riƙa kiransa daga wani wuri. Haka kuma marubucin kod yakan bar sharhi da harshen mutane a gefen umarnin, don wanda zai karanta bayansa ya gane manufarsa.

Ta biyu ita ce mataimaki, wato manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya da harshen yau da kullum, ta amsa ko ta rubuta kod da kanta. GitHub Copilot, wanda aka fara gwada shi a bainar jama'a a 2021, da ChatGPT, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2022, su ne suka yi fice a farko.

Ta uku ita ce fihirisa. Wannan ba baƙuwa ba ce gare mu, domin ko almajirin zaure ya san jerin da ke nuna masa shafin da babi yake a cikin littafi. Manhajar fihirisa ita ce mai bin fayilolin kod ɗaya bayan ɗaya, ta tsara jerin abin da ke ciki da wurin da yake.

Ta huɗu ita ce littafin jagora, wato duk bayanin da masu manhaja suka rubuta game da yadda ake girka ta, da yadda take aiki, da abin da ba ta iyawa. Ko da a shafin intanet yake, a nan zan riƙa kiransa jagora.

3.0 Dalilin da Ya Sa Mataimaki Ke Buƙatar Fihirisa

Kowane mataimaki yana da iyakar rubutun da zai iya dubawa a zama guda, kuma yawan abin da aka ba shi yawan kuɗi da lokacin da za a kashe. Saboda haka ba a ɗaukar manhaja sukutum a zuba masa. Idan aka yi tambaya, manhajar fihirisa ce ke shiga rumbu ta tsamo guntayen da take ganin sun dace, ta miƙa masa, shi kuma ya gina amsarsa a kansu. Idan ta tsamo abin da bai dace ba, ko ta bar na ainihi a baya, mataimakin zai iya ba da amsa cikin tsari da ƙwarin gwiwa, amma a kan kuskure. Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. A nan fihirisa ita ce bafaden da ke kai magana gaban sarki.

Hanyoyin yin wannan fihirisa uku ne manya, kuma kowacce tana da takwara a darussanmu. Hanya ta farko ta jera sunaye ce. A ƙarshen shekarun 1970 Ken Arnold ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna ctags a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, wadda ke fitar da jerin sunayen ayyuka da fayil ɗin da kowanne yake. Darren Hiebert ya faɗaɗa ta a 1996, daga baya kuma aka ci gaba da ita da sunan Universal Ctags. Wannan ita ce takwarar ƙamus.

Hanya ta biyu ta li'irabi ce. Manhajar Tree-sitter, wadda Max Brunsfeld ya samar yana aiki a GitHub kuma ta bayyana a 2018, takan feɗe kod ta zana masa bishiya, kamar yadda muke zana bishiyar li'irabin jumla tun daga littafin nahawu na Galadanci na 1976. Da wannan bishiya take gane inda aiki ya fara da inda ya ƙare. Wani mataimaki mai suna Aider ya bar ctags ya koma Tree-sitter a 2023 wajen zana taswirar kod ɗin da yake aiki a kai.

Hanya ta uku ta ma'ana ce. Akan yanka rubutu gunduwa-gunduwa, a mayar da kowace gunduwa jerin lambobi, ta yadda waɗanda ma'anarsu ta yi kusa lambobinsu ma za su yi kusa. Tushen wannan tunani yana ga masana harshe irin su J. R. Firth, wanda tun a shekarun 1950 ya nuna cewa ana gane kalma ne ta abokan zamanta a cikin jumla. Manhajar word2vec da masu bincike na Google suka fitar a 2013 ta nuna yadda kwamfuta za ta yi hakan a aikace.

Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida ta haɗa mataimaka da manhajojin waje a watan Nuwamba na 2024, wadda ake kira MCP, ƙananan manhajojin fihirisa sun yawaita ƙwarai. Kowacce tana yabon kanta. Wanda ya ɗauki ɗaya ba tare da ya auna jagorarta ba, ya yi cinikin biri a sama.

4.0 Misalin da Za Mu Bi

Domin maganar ta sauko ƙasa, bari mu ƙaddara wani matashi a Kwamba, cikin Suleja, da aka damƙa wa manhajar wata makaranta mai zaman kanta. Manhajar tana riƙe da sunayen ɗalibai da adireshin iyayensu da lissafin kuɗin makaranta. Wanda ya rubuta ta ya bar aiki, sharhin da ya bari a ciki kuwa rabi Hausa ne rabi Turanci. Matashin yana so ya haɗa mataimaki da manhajar fihirisa domin ya fahimci abin da ya gada. Ga manhajoji uku ko huɗu a gabansa, duka kyauta. Wace zai ɗauka? A nawa ganin, akwai ma'aunai shida da zai ɗora jagorar kowacce a kai.

4.1 Me Take Karantawa, Me Take Tsallakewa?

Jagora ta ƙwarai takan lissafa harsunan kod da manhajar ta sani ɗaya bayan ɗaya. Universal Ctags, alal misali, tana da umarni guda da za ka ba ta ta zayyano maka duk harsunan da take ganewa. Wannan ya fi a ce maka wai manhaja "ta san manyan harsuna", domin ba ka san wanda suke nufi da babba ba.

Haka kuma dole jagora ta faɗi abin da ake tsallakewa. Shin akwai girman da idan fayil ya wuce shi ba a duba shi? Shin ana sa sharhi a cikin fihirisa, ko sunayen ayyuka kawai? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi shafar mu, domin mafi yawan Hausar da ke cikin kod a sharhi take, da kuma saƙonnin da ake nuna wa mai amfani. Idan manhajar ba ta duba sharhi, to duk bayanin da tsohon marubucin ya bar wa matashinmu na Kwamba ya zama kamar ba a rubuta ba.

4.2 Yaya Take Yanka Kalma?

Nan ne ɗalibin Hausa zai ga abin da masanin kwamfuta zai iya wucewa bai lura ba. Tun a shekarun 1930, lokacin da Rupert East yake jagorantar aikin talifi a Zariya, aka shigo da haruffa masu ƙugiya cikin rubutun boko. A tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya ke bi, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne harafi ne mai zaman kansa da lambarsa. Harshen Python, tun siga ta 3 da ta fito a 2008, ya yarda a raɗa wa aiki suna da irin waɗannan haruffa. Sai dai mu da kanmu ba hanya guda muke bi ba. Wani zai rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa. A Nijeriya muna rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa.

To me manhajar fihirisa take yi da wannan? Ga misalai biyu na injinan bincike da ake yawan gina irin waɗannan manhajoji a kansu. Na farko shi ne Lucene, wanda Doug Cutting ya rubuta a 1999. Yana da wani mataci da idan aka kunna shi yakan mayar da baƙin haruffa zuwa na Turanci mafi kusa da su, wato ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Amfanin wannan shi ne wanda ya rubuta kasa zai sami ƙasa. Illarsa kuwa, baki da baƙi sun zama ɗaya, kafa da ƙafa sun zama ɗaya, bari da ɓari sun zama ɗaya. Jagorar Elasticsearch, wanda aka gina a kan Lucene, ta bayyana wannan mataci, ta kuma nuna yadda za a sa shi ya ajiye siffar asali tare da wadda aka sauya.

Na biyu shi ne SQLite, wanda Richard Hipp ya fara a 2000. Jagorar sashensa na bincike ta faɗa ƙarara cewa, idan ba a sauya tsarin ba, duk alamar rubutu ana ɗaukar ta a matsayin iyakar kalma. Ɗalibin Hausa da ya karanta wannan zai gane nan take cewa alhamzar da muke sawa a tsakiyar kalma za ta raba ta biyu: sana'a za ta zama sana da a, 'ya'ya kuma ta zama ya da ya. Jagorar ta kuma nuna yadda za a gaya wa injin ya ɗauki wata alama a matsayin harafi. Waɗannan jagorori biyu ba su ambaci Hausa ba, amma sun yi bayani filla-filla har mai Hausa ya iya hango abin da zai same shi. Wannan shi ne inganci. Jagorar da ta tsaya ga cewa manhaja "tana aiki da kowane harshe" ba ta gaya mana komai ba.

Akwai kuma batun ƙirar kalma. A 1980 Martin Porter ya fitar da wata dabara ta yanke ɗafa-ƙeya daga kalmomin Turanci domin a haɗa tilo da jam'i a wuri guda. Wannan dabara ba za ta haɗa gulbi da gulabe ba, ko doki da dawaki, ko sarki da sarakuna, domin jam'in Hausa yakan taɓa cikin kalma. Idan manhaja tana amfani da irin wannan dabara, ya wajaba jagorarta ta faɗi harshen da aka yi ta dominsa.

4.3 Me Ke Faruwa Idan Suna Ya Sauya?

A nan ne tarihin garinmu zai yi mana amfani. A farkon ƙarni na 19, bayan jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa. Ƙanensa Abu Ja, wanda ya gaje shi, shi ya kafa gari a 1828, aka kira garin da sunansa, wato Abuja. Haka sunan ya zauna kusan shekara 150. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, aka ba birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin wancan lokaci, Sulaimanu Barau.

Sakamakon haka, kalmar Abuja tana da ma'ana biyu a rubuce, kuma shekarar rubutun ce ke raba su. Littafin tarihin da Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda Frank Heath ya fassara aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja, labarin Suleja yake bayarwa. Cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, a Suleja take, duk da cewa masu tara kayan tarihi suna kiran kayanta tukwanen Abuja. Wanda ya nemi Suleja a fihirisar tsofaffin takardu ba zai sami komai ba. Wanda kuma ya nemi Abuja zai sami gari biyu a cakuɗe. Ma'aikacin laburare mai hankali yakan magance wannan da ɗan rubutu: "Suleja, duba kuma Abuja kafin 1976."

Abin da ya sami garinmu sau ɗaya, yana samun kod kullum. Masu rubuta manhaja sukan sauya wa aiki suna, su matsar da shi zuwa wani fayil, wani lokaci ma su ba wani sabon aiki tsohon sunan. Idan an yi fihirisa ranar Litinin aka sauya suna ranar Laraba, mataimakin da ya dogara da tsohuwar fihirisa zai aika matashinmu Abuja alhali Suleja ake nufi. A manhajar makaranta, wannan na iya zama kiran tsohon tsarin lissafin kuɗi a maimakon sabo, a aika wa iyaye takardar bashin da ba su ci ba.

Don haka jagora ta ƙwarai dole ta amsa waɗannan tambayoyi. Yaushe ake sabunta fihirisa: da zarar an taɓa fayil, ko bayan wani lokaci, ko sai an ba da umarni? Idan aka goge fayil, ana cire shi daga fihirisa? Ta yaya mutum zai san ranar da aka yi fihirisar da ke hannunsa? Idan abu biyu suna da suna ɗaya, wanne ake miƙa wa mataimaki? Jagorar da ta yi shiru a kan waɗannan, ta yi shiru a kan abin da ya fi kome haɗari.

4.4 Ina Bayanan Suke Zuwa, Nawa Kuma Za a Kashe?

Waɗansu manhajojin fihirisa a cikin kwamfutarka suke gama aikinsu. Waɗansu kuwa sukan aika guntayen kod zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa. Kowanne yana da dalilinsa, amma haƙƙin mai amfani ne ya sani tun a shafin farko. A cikin fayilolin makarantarmu ta Kwamba akwai kalmomin sirri, akwai sunayen yara da lambobin wayar iyayensu. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a watan Yuni na 2023, kuma dokar ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai. Ya kamata jagora ta nuna yadda ake hana manhaja taɓa waɗansu fayiloli, da tsawon lokacin da ake ajiye abin da aka aika, da hanyar goge shi.

Sannan akwai abin da mai rubuta jagora a Amurka ba lalle ya tuna da shi ba. Data nawa fihirisa ta farko za ta ci? Idan aka ɗauke wuta ko layin intanet ya yanke aiki na tsaka, za ta ci gaba daga inda ta tsaya ko sai an faro daga farko? Shin za ta yi aiki a tsohuwar kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa? Bugu da ƙari, kamfanoni sukan caji kuɗi ne bisa yawan gutsattsarin da suka yanka rubutu, kuma binciken da aka wallafa a 2023, ciki har da wanda Orevaoghene Ahia ta jagoranta a Jami'ar Washintan, ya nuna cewa saƙo guda yakan fi gutsuttsura a harsuna da dama fiye da yadda yake yi a Turanci. Ke nan mai rubutu da irin waɗannan harsuna yana biyan fiye da na Bature a kan magana ɗaya. Jagorar da ta bayyana yadda ake ƙirga kuɗi ta taimaki mai ƙaramin ƙarfi.

4.5 Tsari da Harshen Jagorar

Wani masani mai suna Daniele Procida ya kasa rubutun jagora gida huɗu a tsarinsa da ake kira Diátaxis. Akwai darasi na ɗan koyo, wanda ke riƙe hannunsa daga farko zuwa ƙarshe. Akwai matakan warware wata matsala guda ga wanda ya riga ya iya. Akwai bayanin dubawa, mai kama da ƙamus, da ke jera kowane umarni da aikinsa. Akwai kuma sharhin da ke bayyana dalilin da ya sa aka gina abin haka. Sau da yawa ƙananan manhajoji sukan tsaya ga na farko, su nuna yadda ake girkawa, su bar sauran ukun. Mai aunawa sai ya duba ya ga wanne ne babu.

Daga nan sai harshen kansa, wanda shi ne gonarmu. Shin kalma guda ake amfani da ita ga abu guda daga farko har ƙarshe, ko a shafi na 2 an kira shi da wani suna, a shafi na 9 da wani? Shin akwai jumloli masu harshen damo? Shin an ɓoye mai aikatawa, kamar a ce "ana adana bayanai", ba a faɗi wa ke adanawa ba, ba a kuma faɗi a ina ba? Shin siffofin yabo irin su "mai sauri" da "mai basira" suna tafe da adadi da yanayin da aka gwada, ko kirari ne kawai? Wanda ya yi darasin nazarin salo da ilimin ma'ana ya riga ya mallaki kayan wannan aiki.

4.6 Faɗin Gazawa da Sa Kwanan Wata

Ma'auni na ƙarshe shi ne gaskiya. A 2018 Timnit Gebru da abokan aikinta sun ba da shawarar kowane tarin bayanai da ake horar da kwamfuta da shi ya riƙa zuwa da takardar da ke faɗin asalinsa da yadda aka tara shi. A shekarar ce kuma Emily Bender, wadda masaniyar harshe ce, da Batya Friedman suka nemi a riƙa faɗin harshe da karin harshe da irin mutanen da aka ɗauko maganarsu. A 2019 Margaret Mitchell da abokan aikinta suka kawo irin wannan shawara game da injinan kansu. Manufarsu duka ɗaya ce, wato mai abu ya faɗi inda abinsa yake gazawa.

Manhajar da ke yin fihirisa ta hanyar ma'ana, ya kamata jagorarta ta ambaci injin da ke mayar da rubutu lambobi, domin a bincika ko an horar da shi da Hausa. Idan ba a yi ba, zai iya kasa gane cewa kuɗin makaranta da biyan zango maganarsu ɗaya. Haka kuma ya kamata kowace jagora ta ɗauki lambar sigar manhajar da take bayani a kai, da jerin sauye-sauyen da aka yi da ranakunsu. Jagorar da ba ta da kwanan wata kamar taswirar da aka rubuta Abuja ce ba a sa shekara ba, ba ka san garin da take nufi ba.

5.0 Ɗan Gwajin da Kowa Zai Iya

Gani ya kori ji. Bayan an karanta jagora, sai a gwada ko abin da ta faɗa haka yake. Ba a buƙatar ƙwarewa mai zurfi. A buɗe fayil guda a rubuta gajerun layuka da suka ƙunshi baki da baƙi, da sana'a, da 'ya'ya da ƴaƴa, da gulbi da gulabe, da Ƙasa mai babban baƙi da ƙasa mai ƙarami. Kafin a nemi kowace kalma, sai a rubuta a takarda abin da ake tsammanin zai fito bisa ga abin da jagora ta ce. Daga nan a nema a gani. Sannan a sauya wa wani aiki suna, a tambayi mataimaki tsohon sunan da sabon. A ƙarshe a cire intanet a ga abin da zai ci gaba da aiki.

Sakamakon zai faɗa ɗaya daga cikin uku. Idan hasashenka ya yi daidai da abin da ya fito, jagorar ta inganta, ko da manhajar ba ta iya kome da kome ba, domin ka san inda za ka taka. Idan jagorar ba ta ba ka abin da za ka yi hasashe da shi ba, tana da giɓi. Idan kuwa ta faɗi wani abu aka ga saɓaninsa, to wannan ita ce mafi muni, kuma bai kamata a damƙa wa manhajar bayanan yaran mutane ba.

6.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira yana gani ne da idon fihirisa, mu kuma muna ganin fihirisa da idon jagorarta. Na kawo ma'aunai shida: abin da manhaja ke karantawa, da yadda take yanka kalma, da yadda take bin sauyin suna, da inda take kai bayanai, da tsarin jagorar da harshenta, da kuma faɗin gazawa. Huɗu daga cikinsu, in aka duba da kyau, tambayoyi ne na ƙa'idojin rubutu da ƙirar kalma da ma'ana da salo, waɗanda muke zaune a aji muna koyo.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da kada mu ɗauka wannan fage na 'yan sashen kwamfuta ne su kaɗai. Ƙungiyoyi irin su Masakhane, wadda aka kafa a 2019, da HausaNLP suna aikin shigar da harsunanmu cikin wannan fasaha, kuma aikin yana buƙatar wanda ya san bambancin baki da baƙi. Yawancin waɗannan manhajoji a buɗe suke, kowa na iya aika wa masu su gyara ko ƙorafi a rubuce. Ɗalibin da ya gwada ya ga alhamza tana tsinka kalma, ya rubuta musu bayani mai kyau da misalai, ya yi wa duk mai rubutu da Hausa aiki. Magabatanmu sun zauna sun samar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, domin a iya koyar da harshe da adabi cikin Hausa. Irin wannan zama ake buƙata yanzu a kan kalmomin kwamfuta, domin matashin Kwamba da takwarorinsa na Kano da Maraɗi su sami jagorar da za su karanta da harshensu, su kuma iya auna ta.